Tumakin da Muka Fara da Su a Gonar Iya

A gidanmu na Gubuci, idan sanyi ya shigo an gama kwashe amfanin gona, tsakar gida ta Iya ce daga magariba har a kira isha'i. Iya ita ce ta haifi babanmu. Tana sallame salla za ta jawo 'yar kujerarta bakin murhu, ta tura totuwar masara cikin wuta, ta binne dankali a toka. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa ya naɗe ƙafa cikin riga, manya suna ture ƙanana don su samu gefen da hayaƙi ba ya bi. Har yau idan na ji ƙamshin dankalin da ya fara ƙonewa ta baya, muryarta nake ji.

Tana da yadda take buɗe tatsuniya. Sai ta kalli ƙofar zaure kamar ta ji motsi, ta ce, "Ga wata baƙuwa can a waje, a shigo da ita?"

Mu haɗa baki mu ce, "A shigo da ita, Iya, mu ji ta."

Abin da ke ɓata mana rai da tatsuniyoyinta shi ne ba a cika cinye kowa a ciki ba. A maƙwabta, in tsohuwa ta yi tatsuniya, wanda ya yi wauta kura ce ke gamawa da shi, ko rijiya, ko dodo. Na Iya kuwa sai mutum ya yi wauta, ya sha wuya, ya tashi ya ci gaba da harkarsa. Mu a lokacin gani muke an cuce mu.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta Tanko marini. Shi Tanko tun tasowarsa bai san komai ba sai shuni, hannunsa baƙi har gwiwa. Ana nan sai mutane suka daina kawo rini, karofi ta mutu. Ya rasa abin yi, ya koma gonar da ubansa ya bari, alhali ko riƙon fartanya bai iya ba. Gonar kuwa ta gaji, in ya shuka gero sai ya tsaya iya cinya. Wata rana da rani yana zaune a kan kunya ya yi tagumi, sai gonar ta yi magana. A nan Iya takan sauke murya ta yi ta can ƙasa, ta ce, "Tanko, Tanko, ka rina wa duniya zane, ni ka bar ni tsirara rana tana gasa mini baya?"

Tanko ya ji kunya. Da damina ta zo ya shuka wake mai yaɗo a tsakanin gero, waken ya bi ƙasa ya rufe ta ruf. Wata mata ta ga ganyen ya yi kyau, ta ba shi tumaki kiwo. Shi kuma don tsabar tausayi, gari na wayewa ya kwance su da yunwarsu ya tura su cikin ɗanyen ganyen da raɓa ta jiƙa. Suka ci, suka ci, cikinsu ya kumbura, ɗaya ta faɗi ba ta tashi ba. Ya zauna ya yi kuka. Washegari tsoro ya sa ya ɗaure sauran a wuri guda, ya ƙi matsar da su, suka cinye wurin har saiwa. Gona ta ce, "Ka ɗaura mini zane, ka kuma sa an yaga." Daga nan ya koyi ba su busasshen abu su fara ci, ya jira rana ta shanye raɓa, kuma kullum ya matsa da turke gaba. Tumaki suka yi ƙiba, kashinsu ya zama taki, geron Tanko ya fi shi tsayi.

Sai Iya ta kaɗe hannu ta ce, "Baƙuwa ta miƙe, a raka ta."

Wani ɗan kawunmu, Habu, wanda ya fi kowa baki, ya taɓa ce mata, "Iya, shi ke nan? Ba abin da ya same shi?"

Ta ce, "Me kake so ya same shi? Tunkiya ta mutu a hannunsa, ya ji zafi, ya gane. Bai isa ba?"

Habu ya ce, "Ai wawa ne."

Tana tono dankali da tsinke ta ce, "In da wawa ne, da ya tsaya a kukan. Shi fa washegari ya koma gona. Ungo, ɓare wa ƙannenka."

Na girma, aka yi mini aure a Ikara, na kama ɗinki. Maigidana, Isiyaku, direban bas ne tsakanin Ikara da Zariya, ɗan gari ne, bai taɓa noma ba. Ni ma duk da a ƙauye na tashi, iyakar sanina da gona kai abinci da tsintar gyaɗa. Iya ta rasu ina goyon 'yarmu ta fari, Sadiya. Bayan babanmu ya bi ta, aka raba gado, wani yanki na gonarta ya faɗo rabona. Babu wanda ya yi mini ƙyashi, domin wurin ya gaji, wuta-wuta ta cika shi, wannan ciyawar mai jan fure da ke tsotse hatsi tun daga saiwa.

Sai ciwon baya ya kama Baban Sadiya. Ya daure, ya daure, har ranar da ya kasa fitowa daga mota da ƙafarsa. A asibiti aka ce ya haƙura da doguwar tuƙi. Mutumin da ke fita tun asuba ya dawo yana ba da labarin fasinjoji har abinci ya huce, sai ga shi zaune a ƙofar gida yana bin motoci da ido. Wannan zaman ya fi ciwon tayar mini da hankali.

Ni na kawo maganar gonar. Muka je wurin wani malamin gona, ya ce mu shuka masara, in ta yi ƙwari mu zuba lablab a tsakani. Wani irin wake ne mai yaɗo da ke zama kore har cikin rani. Ya ce zai rufe ƙasa, ya gyara ta, kuma tumaki za su samu abin ci. Ya yi bayani da yawa, muka riƙe wanda ya yi mana daɗi. Baban Sadiya ya sayar da motar, muka sayi 'yan tumaki, muka kewaye gonar da ƙaya da kara, aka yi musu rumfa a gefe. Muka gyara tsohon ɗakin Iya muka koma can da zama. Na ga mijina ya dawo da dariyarsa. Har suna ya raɗa wa tumakin. Wata fara mai baƙin kunne da ke ɗauke da ciki, ita yake kira Hajiya, saboda tafiyarta ta ƙasaita.

Da aka cire masara, lablab ya yi shar, ba ka ganin ƙasa ko kaɗan. Ran nan da sassafe ya ce, "Ummi, yau dai bayin Allah nan za su ci daɗi." Daren jiya ma bai ba su harawa ba, wai don su ci ganyen da kyau. Na ce ya yi daidai. Ni na buɗe musu ƙofa da hannuna.

Da hantsi ina tankaɗe na ji yana ƙwala mini kira. Na iske tumakin a tsattsaye sun buɗe ƙafafu, cikinsu ta hagu ya tashi kamar an hura, suna numfashi da ƙyar. Ɗaya ta riga ta mutu a cikin ganye. Hajiya tana kwance tana shure-shure. A daidai wannan lokacin, ina tsaye da gari a hannu, muryar Iya ta faɗo mini. Tatsuniyar da na ji har na haddace, ban tuna da ita ba sai da abin ya faru a gabana.

Maƙwabcinmu na gona, Baba Bulus, wani dattijo da ya zo daga kudancin Kaduna ya daɗe yana noma a nan, shi ya ji ihunmu ya ƙetaro shinge. Yana gani ya ce, "Man gyaɗa, 'yata, maza!" Na ruga na kawo wanda nake miya da shi. Ya riƙa ɗaga kan kowace yana ɗura mata kaɗan-kaɗan, ya sa muka yi ta zagayawa da su muna murza musu ciki. Suka fara gyatsa, cikin yana saɓewa. Hajiya ce dai abin ya wuce. Baba Bulus ya dubi maigidana ya ce, "Malam, kawo wuƙa ka yanka abarka tun da sauran rai, kada ta zama mushe." Ya yanka ta. 'Yan biyu ne a cikinta.

Baba Bulus ya wanke hannu ya ce, "Kada ku zargi kanku da yawa. Ni da awaki na yi nawa, a gyauron dawa. Har yau matata tana yi mini gori."

Baban Sadiya ko naman bai taɓa ba. Ya shiga ɗaki ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Ya yi kwanaki ba ya leƙa rumfa, ni ke ba su ruwa da harawa. Wata rana bayan azahar ya ce, "In kasuwar Makarfi ta zagayo zan kai sauran. Mu koma Ikara. Ni direba ne, ba makiyayi ba. Na kashe su da hannuna."

Na san in muka koma, ƙofar gidan nan zai koma ya zauna, kuma wannan karon ba na jin zai sake tashi. Na zauna a bakin gado na ce, "Baban Sadiya, bari in ba ka wani labari da Iya ke ba mu."

Ya ce, "Tatsuniya za ki yi mini da rana tsaka?"

Na ce, "Ka dai saurara."

Na ba shi labarin Tanko tun daga karofi har geron da ya fi shi tsayi. Can ya juyo ya ce, "Yanzu duk kin san wannan, kika buɗe musu ƙofa?"

Na ce, "Wallahi na manta. Sai da na ga cikinsu na tuna."

Sai ya ce, "To ashe mu biyu ne." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, amma dai dariya ce. Washegari na ji shi a rumfa yana zuba harawa yana yi musu faɗa, wai su ma ba su da hankali, ba su san ƙoshi ba.

Ba daga nan kuskure ya ƙare ba. Mun sake su a gonar gaba ɗaya, suka tattake rabin ganyen, suka cinye na bakin ƙofa har ƙasa, ruwan farko ya zo ya yi zaizaya a wurin. Sai muka koyi yanka gonar gida-gida da kara, su ci nan su matsa can. Wata shekara kuma ya sayo rago a kasuwa ya haɗa shi da sauran a ranar, ashe yana da tari, ya shafa wa garken duka, muka yi ta jigila wurin likitan dabbobi. Wannan kam babu shi a tatsuniyar Iya, namu ne na kanmu. Yanzu baƙon dabba sai ya yi zamansa shi kaɗai mun ga lafiyarsa.

A hankali ƙasar ta canza. Inda a da take fari fat kamar toka, yanzu in ka tona sai ka ga ta yi duhu, da tana a ciki. Wuta-wuta ba ta ƙare ba, amma ta ragu sosai. Masara tana kai mu wata damina. Garken ya cika rumfa har an ƙara wata. Ciwon bayan mijina bai warke sarai ba, sai dai yana tashi da abin yi, yana dawowa da labari.

Ina yawan tunanin abin da Iya ta ba mu a bakin murhun nan. Da ina ɗauka dabarar kiwo ce take koya mana, ga shi kuwa dabarar ba ta tsare mu daga komai ba, duk mun taka inda Tanko ya taka. Abin da ya zauna a raina ba tare da na sani ba shi ne, mutum yana iya yin ɓarna da hannunsa, da kyakkyawar niyya, ya ji ciwo, kuma rayuwarsa ba ta ƙare a nan ba. Ta ƙi bari a cinye mana Tanko don ta san wata rana mu ne za mu tsaya a wurinsa. Allah ya jiƙanta, ya saka mata. Ina gode wa Baba Bulus ma, da bai ɓoye mana nasa ba a ranar da muke bukatar jin haka.

Bana wani Malam Audu, da ya yi ritaya daga sakatariya a Ikara, ya zo ya ce yana son fara irin namu. Baban Sadiya ya shimfiɗa masa tabarma a inuwar rumfa. Ina jin su daga madafa. Bai fara da nuna masa raguna masu ƙiba ba, sai da ya kwashe duk ɓarnar da muka yi ya faɗa masa, tun daga Hajiya har ragon tari. Malam Audu ya ce, "To Alhamdulillahi, tunda ka faɗa mini duka, ni na tsira."

Maigidana ya ce, "A'a, Malam, ba ka tsira ba. Waɗannan namu ne. Akwai naka yana nan yana jiranka, wanda ni ban san shi ba. In ya zo, kada ka kai su kasuwa. Ka zo nan ka faɗa mini, ni ma in ƙaru."