Ranar da Jikin Yaya Tabawa Bai Ba Ta Ba

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar yayata Tabawa, wadda rabin Jibiya ke kira mai gani. Lokacin Turawa na nan, Faransa na ƙetaren iyaka, gidanmu kuma yana bakin hanyar Maraɗi. Da ta ce girar idonta na rawa, sai ta ƙara gero a turmi, kafin la'asar kuwa sai ga baƙo ya yi sallama. Mu sai jinjina kai. Ba wanda ya taɓa tambaya ko yaushe gidan bakin iyaka ya kwana ba baƙo. Ranakun da furar ta yi kwantai kuma mantawa muke yi da su.

Wata kaka ɗanta Sani ya ɗora gyaɗa a jakuna ya nufi Maraɗi. Abokan tafiyarsa suka dawo, suka ce ya tsaya ciniki. Kasuwa ta ci, ta sake ci, shiru. Maimakon mu ɗaura wa jaki akumari, sai muka taru a ɗakinta.

Na ce, "Yaya, mi kika ji?"

Ta ce, "Jikina bai ba ni komi ba, Audu. Lahiya lau shike."

Hankalinmu ya kwanta, kowa ya koma sussukar hatsinsa. Ashe Sani na kwance da zazzaɓi a wani ƙauye kusa da Ɗan Isa, tafiyar da ba ta kai yini ba. Can ya cika, a hannun mutanen da ba su ma san sunan uwarsa ba.

Ba wanda ya fito ya ga laifinta, amma ba wanda ya sake tambayarta komai. Ta yi ta ramewa, ba ta cika shekara biyu ba ta bi shi. Magana ɗaya take maimaita mini: "Baƙon wani ina jin zuwanshi, nawa ɗa ban ji ba?"

'Yata da ke karatun kimiyya ta gaya mini masana sun daɗe suna gwada masu irin wannan baiwa. A ɓoye kati a wani ɗaki, a ce su faɗi abin da ke jikinsa. In aka sa ido sosai aka maimaita, ba sa wuce mai canki-canka. Na san Yaya, da tana nan tsaki za ta ja, ta ce wa ke jin kati a jikinsa? Duk da haka na so a ce ta ji, domin maganar wanke ta take yi.

Har yau a Jibiya ana tuna ta da gani. Ni abin da ya saura mini tambayar nan tata ce game da ɗanta, kuma kunya nake ji duk lokacin da ta faɗo mini. Mun ɗora wa uwa aikin da ba na ɗan Adam ba, don mu huta da tafiya. Yaya, ba ki ji ba ne don ba mai ji. Ƙafa ake buƙata a ranar, kuma muna da ita. Allah ya jiƙanki, mu kuma ya yafe mana.