Ƙofar Gidan Yaya

Mu uku mahaifinmu ya bari: Yaya, da ni, da ƙanenmu. Yaya ya zauna a ƙauye, can gefen Miga, da 'yan shanunsa da gonakin gado. Ni aure da koyarwa suka kawo ni Dutse, ƙanenmu kuma aikin sakatariya. Allah bai ba Yaya haihuwa ba, saboda haka da aka yaye 'yar farin ƙanenmu sai aka kai masa ita, yadda aka saba a zuriyarmu. Shi da matarsa suka raine ta har ta gama sakandare, sannan ta zo jami'a ta zauna a wurina. Baffa take ce wa Yaya. Uban da ya haife ta kuwa ko sunanta ba ya kamawa, sai dai ya ce yarinyar nan ta wajen Yaya.

Da maganar aurenta ta taso, aka sa rana ƙarshen damina, lokacin da angon zai samu hutu. Saura wurin ɗaurin aure. A da wannan ba abin tambaya ba ne. Ƙofar gidan wanda ya riƙe yarinya ake sharewa, a shimfiɗa tabarmi, a raba goro, duk wanda ya wuce ya san 'yar gidan wa aka aurar. Babu ƙofar da Yaya bai zauna ɗaurin aure ba a ƙauyen, tasa ce kawai ba a taɓa zama ba, kuma in wannan ya wuce shi ke nan, ba shi da wata 'yar. Na san haka, na kuma ɗauka kowa ya sani.

Mai buga kati ya matsa a ba shi sunan wurin da zai rubuta, sai na je wajen ƙanenmu. Na same shi yana wanke mota. Bai ko ɗago ba ya ce, "Me zai kai bakina cikin maganar 'yar mutane? A tambayi ubanta." Na kira Yaya a waya. Muka gaisa, muka yi maganar ruwa, da saniyar da ta haihu, da ciwon gwiwar matarsa, sannan na sako zancen. Ya ce duk inda ya fi wa mutane sauƙi.

A gidanmu in babba ya faɗi haka, ba amsa ya bayar ba. Jira yake ƙanensa ya tako da ƙafarsa ya ce masa a ƙofarka za a yi, shi kuma ya ƙi, a nace, sannan ya karɓa kamar an tilasta masa. To wanda zai yi nacin shi ne wanda alkunyar 'yar fari ta rufe wa baki. Na faɗa wa ƙanenmu haka ƙarara, ya ce in Yaya yana so ai da ya faɗa. Na faɗa wa maigidana, ya ce ɗaurin aure sha'anin maza ne, in ji da na mata. Amarya kuwa ba a tambayar ta, ita ma tana can tsakanin tela da mai lalle. Haushin su duka na ji, har da Yayan.

Abokan ango yaran zamani ne, magana yadda aka faɗe ta suke ɗaukar ta. An ce inda ya fi sauƙi, to Dutse ta fi sauƙi. Suka ce hanyar ƙauyen in an yi ruwa ƙaramar mota ba ta shiga, manyan ofis kuma ba za su cire takalmi su taka taɓo ba. Don su girmama ni suka ɗauke ni yawon duba hol. Na farko rufinsa na yoyo, an tara bokiti a bayan dandamali. Na biyu kujerunsa duk an sa musu riguna har da ɗamara, mai wurin yana ta rantsuwa a kan janaretansa. Na ƙarshe suka zaɓa, saboda akwai masallaci a jikinsa, ana shafa fatiha sai a tsallako a ci shinkafa. Suka tambaye ni, "Goggo, ya yi?" Na ce wuri dai ya yi.

Ranar ɗaurin auren, Yaya ya zo a bas tare da wasu dattawan garin, cikin farar babbar riga da ta sha guga. Maigidana ya ba ni labarin masallacin. Aure da yawa aka ɗaura a jere, liman yana karanto sunaye a lasifika, ana kiran waliyyi ya matso, ya bayar, ya koma. Yaya ya bayar da 'yarsa, kafin ya gyara zama an kira na gaba. A hol na hango shi ta ƙofar ɓangaren mata, an ajiye masa lemo da abinci a roba, kiɗa yana dukan bango. Kafin la'asar ya yi sallama, wai shanu ba mai shigar da su.

Bayan biki ya lafa na kai wa su Yaya rabonsu na alkaki da dubulan. Gero ya fi mutum tsawo a lokacin, ya fid da kai, hanyar shiga gari ta zama lungu. Ina fitowa daga cikin geron sai na ga gonar ƙofar gidan Yaya, wadda shanu ke kwana a cikinta duk rani, wadda ta fi kowace gona tasa albarka. Babu komai a cikinta. An baje ta sumul, ko ciyawa babu, ga hatsin maƙwabta ya kewaye ta ta ko'ina.

Matarsa ce ta gaya mini, muna zaune a inuwar rumbu. Tun da aka sa rana ya ce bana ba za a shuka ta ba, a nan baƙi za su zauna, a can motoci su tsaya. Duk ruwan da aka yi ciyawa ta tsiro, sai ya ɗauki fartanya ya nome. Ko da kati ya iso da sunan Dutse a jiki bai daina ba, ya ce ko za su sake shawara. Yanzu kuma ko wake aka zuba ya makara.

Da yamma ya dawo daga wajen shanu, na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi amarya, ko ta saba da gidan, ko tana cin abinci. Ya lura idona yana kan filin, shi ma ya juya ya dube shi.

"Na ga motocin da suka zo a Dutse," ya ce. "Da ma nan ba zai ɗauke su ba."