Malam Dikko Mai Keke Ya Rasu, Mashigar Ba Ta Buɗe Ba

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba na shekarar 2025, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ina tsaye gaban allo ina rubuta wa 'yan aji biyar darasi, wayata ta yi ƙara. Sagir ne, ƙanen maiɗakinka. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Malam Surajo, sai haƙuri. Malam Dikko ya cika." Bakina ya faɗi abin da ake faɗa, cewa na Allah muke kuma wurinsa za mu koma, sannan na ajiye alli na zauna a benci.

Ga wanda bai san ka ba: Malam Dikko Zakari, mai gyaran keke a Kwanar Dangora, shugaban ƙungiyar masu keke ta yankinmu. Ka rasu kana da shekara sittin da huɗu, bayan jinyar ciwon ƙoda ta kwana goma sha tara. Ni ne sakatarenka tun da aka kafa ƙungiyar, shekara tara ke nan. Duk tsawon lokacin nan, mu da muke kusa da kai a titi muke ji maka tsoro, don kullum kana bakinsa, ko kana tsallakar da wani ko kana ɗauko wanda aka buge. Sai ga shi a kan shimfiɗarka ka cika, cikin iyalinka. Mun gode wa Allah da wannan.

Shekara goma sha tara da suka wuce na fara saninka. An turo ni koyarwa a wata firamare wajen Ɗansoshiya, na sayi tsohon keke, ranar nan tayar baya ta sace na turo shi rumfarka. Faci kawai na zo. Ka yi facin, ka ba ta iska, sannan ka matsa birki, ka sake matsawa, ka jingine keken a bayanka.

Ka ce, "Malam, faci ya yi. Amma keken nan ba zai bar wurin nan ba sai na gyara masa birki."

Na ce na makara, shugaban makaranta yana jirana.

Ka ce, "Ka makara yau, gobe ka je da wuri. In na bar ka ka hau titi haka, yaran can za su daɗe suna jiran malaminsu."

Na zauna ina cika ina batsewa har ka gama. Daga baya na gane haka kake yi wa kowa. Alhaji ne ko ɗan dako, ba ka sakin keke marar birki. Wasu sun yi fushi sun daina zuwa, ba ka kuwa canza ba.

Kunnenka ya fi idon yawancin masu gyara. Mutum yana tahowa daga nesa za ka ɗago kai ka ce boris ɗin ƙafar kekensa ya ƙare, a kwance a ga haka ne. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda kake koya wa mutane abin da zai rage maka aiki. Ka zaunar da mai keke ka nuna masa yadda zai yi faci da kansa idan ya samu matsala a daji, yadda zai wanke kaca ya sa mata mai duk ranar Juma'a, yadda zai gane kariya, wato mazaunin kaya na bayan keke, ta fara tsagewa tun kafin ta zubar masa da buhu a tsakiyar hanya. Masu kawo nono daga rugage da Fulatanci kuke hira, suna zaune a bencinka suna jiran a ɗaure musu wayoyin ƙafar keke. Akwai wani dattijo daga Riruwai da ke ɗora kekensa a mota sau biyu a shekara ya kawo maka, ya ce babu hannun da ya yarda da shi sai naka. Ko wa ya zo, kafin ya tafi sai ka liƙa masa ɗan jan abu mai ƙyalli a bayan kariya, don direba ya hango shi idan rana ta faɗi.

Ƙungiyar ta samo asali ne daga mutuwar Ja'afar, wani manomi da mota ta buge yana ɗauke da buhun masara. Mutane da yawa sun ga abin da ya faru, amma da aka zo bincike babu wanda ya tsaya shaida. Aka ce mai keke ne ya faɗo wa mota, magana ta mutu. Bayan kwana biyu ka rufe rumfa, ka bi masu keke ɗaya bayan ɗaya, a masallaci, a kasuwa, a gona. Abin da kake ce musu bai wuce kalma kaɗan ba: mai keke ma mai hanya ne. Mu talatin da ɗaya muka fara zama a ƙarƙashin darbejiyar da ke gefen rumfarka. Yau mun haura ɗari uku, daga Bebeji, Kiru, Tudun Wada har Doguwa. Ka kafa mana doka cewa idan aka buge ɗanmu, wanda ya gani zai tsaya ya faɗi gaskiya, ko da laifin na ɗan namu ne. Sau biyu ka yi shaidar da ta wanke direba, wasu daga cikinmu suka yi kwanaki ba sa gaishe ka. Amma saboda haka ne ya zama idan ka yi magana ana saurara.

Sai maganar katanga, wadda ita ce ta hana ni sukuni tun ranar da muka binne ka.

Da aka sake gina babban titin, aka sa katangar kankare a tsakiyarsa. A daidai inda hanyar ƙauyukanmu ta ɓullo, ba a bar mashiga ba. Wurin juyawar motoci yana can nesa. Mai keke da kaya zaɓinsa biyu ne: ko ya bi hannun da ba nasa ba yana fuskantar manyan motoci, ko ya tsallaka rabin titi ya tsaya ya cicciɓi keken ya haurar da shi. Ba ka taɓa zagin masu aikin ba. Cewa kake, "Titin ya yi kyau. Mantawa da mu kawai aka yi, sai mu tuna musu."

A nan ne Jamilu mai rake ya rasa ƙafarsa ta dama, damina biyu da suka wuce. Magidanci ne mai 'ya'ya biyar. Ya haurar da keken, ɗaurin raken ya rinjaye shi ya faɗa ɗaya hannun, Jamilu ya bi raken don ya janye, mota ta same shi. Kai ka ɗaure masa ƙafar da tsohuwar robar taya, kai ka riƙe kansa har asibiti. Da ya warke ya dawo a kan sanduna, ba ka yi masa dogon jaje ba. Ka sa masa kujera a rumfarka, ka miƙa masa sifana.

Akwai abin da ban taɓa faɗa a fili ba, yau zan faɗa. Bara muka kai takardar kokenmu ofishin da abin ya shafa a Kano, da sa hannu da dangwalen yatsa na mutane fiye da ɗari huɗu. Ni aka shirya zan karanta, tun da ni ne mai boko. Da muka shiga na ga manyan mutane a zaune, sai zuciyata ta fara raya mini cewa ni ma'aikacin gwamnati ne, in na yi baki za a iya jefa ni wani lungu nesa da iyalina. Na ce zan je in yi alwala. Ban dawo ba sai da aka tashi. Kai da ba ka karanta rubutun boko, kai ka tsaya ka yi bayani da ka, tun daga Ja'afar har Jamilu. Sai da muka sauka a Kwana ka dafa kafaɗata ka ce, "Malam, ni ma ranar da na fara shiga irin wurin nan gwiwata rawa take yi. Wani karon kai za ka karanta." Ba ka gaya wa ko mutum ɗaya abin da na yi ba.

Ranar Asabar ɗin ƙarshe na je duba ka. Ka rame, ƙafafunka sun kumbura, amma hankalinka yana nan daram. Ka sa maiɗakinka Inna Hasiya ta ɗauko wata leda daga ƙarƙashin katifa. Takardunmu ne, da wasiƙar da ta zo cewa injiniyoyi za su zo su duba wurin ranar Alhamis, talatin ga wata.

Ka ce, "Kada ka bari su zo da hantsi su ga titi fayau su koma. Ka roƙe su su tsaya har la'asar, lokacin da ake tasowa daga kasuwa. Ba sai ka yi musu dogon Turanci ba. Su tsaya su gani."

Na ce in Allah Ya yarda tare za mu tsaya.

Sannan ka ce, "Kuma kada wanda ya taɓa katangar nan. In suka fasa ta, an gama da mu. Daga masu koke mun koma masu laifi."

Ka san abin da kake faɗa. Tun a maƙabarta na fara jin ƙus-ƙus. Kaka ta shigo, masara tana fitowa daga gonaki, kowace yamma mutane suna haura katangar nan da buhuna. A cikin makon nan kaɗai sau biyu ina ganin abin da ya sa na rufe ido. Wasu daga cikin matasanmu, Muzammil ne a gabansu, suna cewa wanda ake jin nauyinsa ya tafi, takarda ba za ta yi komai ba, a kawo guduma a buɗe hanya. Muzammil ba mugu ba ne. Ƙanen Jamilu ne, shi yake ciyar da gida biyu yanzu. Da kana nan, kallo ɗaya za ka yi masa ya zauna. Ni ba ni da wannan kallon.

Bayan sadakar uku muka taru a ƙarƙashin darbejiya. Muzammil ya faɗi tasa, mutane da yawa suka ɗaga kai alamar yarda. Na duba hagu na duba dama ko wani dattijo zai tashi, babu wanda ya motsa. Sai na miƙe. Na karanta musu wasiƙar, na faɗa musu maganarka ta ƙarshe kamar yadda ka faɗa, ban ƙara ba ban rage ba.

Muzammil ya ce, "Malam, in suka ƙi zuwa fa? Ko suka zo suka tafi shiru? Sai an sake yanke ƙafar wa?"

Na gaya masa gaskiya, ban sani ba. Jamilu ne ya dogara sandunansa ya tashi. Ya ce, "Ƙafata ce aka yanke, ba taka ba. Ni na ce a jira Alhamis." A kan haka muka tashi: za a jira Alhamis. Ba wanda ya yi alkawarin abin da zai biyo bayanta.

Yau saura kwana shida. Ban sani ba ko za su zo. In sun zo, ban sani ba ko za su yarda su tsaya har la'asar. Ban sani ba ko harshena zai sake ɗaurewa a gabansu. Nakan karanta takardar kokenmu da ƙarfi a bayan makaranta lokacin tara, don bakina ya saba da ita. Kowace safiya idan na iso bakin titin nan na sauka daga keke, sai in tsaya in daɗe ina duban hanya, fiye da yadda nake yi da.

Rumfarka ta yi kwana tara a rufe, mutane suna ta yawo da kekuna masu kuka. Jiya Inna Hasiya ta aiko Sagir da makulli a ƙulle a bakin ƙyalle. Ta ce kai ka bar wasiyya a ba Jamilu, da akwatin kayan aiki duka. Ya karɓa. Hannunsa bai gama faɗawa a ɗaurin waya ba, shi ma ya sani. Na gan shi yau da safe yana juya ƙafar wani keke, yana kwancewa yana sake ɗaurawa har sau uku, mai keken yana tsaye yana ƙorafi. Ina roƙon jama'armu su yi haƙuri da shi, su ci gaba da kai masa aiki.

Ina kuma roƙon duk mai keke da wannan rubutu ya iske, ko aka karanta masa, ya zo ranar Alhamis bayan azahar. A zo da kekuna, a tsaya a gefen titi, ba a kansa ba. Kada a zo da guduma, kada a zo da zagi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Hasiya, da 'ya'yanka Luba, Hafizu da Zahra'u, da jikokinka, da 'yan'uwanka na gari da na ruga, da duk wanda ya taɓa zama a bencin nan. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku a inda Malam Dikko ya saba tsayawa.

Malam Dikko, Allah Ya gafarta maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Allah Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Allah Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa duk wani rai da ya isa gida lafiya ta dalilin hannunka ya zama nauyi a mizaninka. Allah Ya tsallakar da kai siraɗi cikin sauƙi, Ya sada ka da Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mu da muke tsaye a wannan gefen da kayanmu, Allah Ya tsallakar da mu lafiya.

Surajo Hafizu Kiru
Juma'a, 24 ga Oktoba, 2025