Garzali da Kabarin Haliru a Montesarro

Kowace safiya bayan sallar asuba Malam Garzali yana fitowa daga ɗakinsu na mutum shida a Al Asmakh da bokiti da tsumma, ya goge motar kamfani, ya sha shayinsa a tsaye, ya kama hanyar filin jirgi. Shekara tara ke nan yana wannan a Doha. Ƙarshen watan nan zai ajiye makulli ya koma Funtuwa. Ba gajiya ya yi ba, kamfani ne ya ƙi sabunta masa kwantiragi. Dalilin ƙin ne ya sa na ɗauki alƙalami, kuma ba zan ɓoye ba, raina a ɓace yake.

Kafin Doha, Garzali ya yi shekara goma sha ɗaya a kudancin Italiya yana tsinkar tumatir da zaitun. Ya iya harshensu har da na ƙauye. Mu ɗalibai masu ji da karatu ba mu taɓa tambayarsa me ya sani ba, iyakarmu da shi mu ce ya ƙara sanyin mota.

A farkon korona aka bugo wa Suraj, mai gadi a wani gini a Al Aziziya, cewa yayansa Haliru ya rasu a Montesarro, wani ɗan gari na kudancin Italiya a kan tudu wanda mutanensa ba su kai dubu biyu ba. Jirage a tsaye suke, ba maganar kai gawa gida. A can kuma yawancin matattu ba a ƙasa ake sa su ba, ramuka ne a jikin bango, wani bisa wani kamar durowa, a zura akwati a toshe. Ma'aikacin ofishin garin ya ce a zaɓa, bango ko ƙonawa, ya ba da kwana huɗu.

Me muka yi? Muka cika zauren WhatsApp da ta'aziyya. Ni na zauna na tsara wasiƙa da Turanci mai tsada zuwa ofishin, na ji kamar na sauke farali. Har yau ba a amsa ta ba. Shugabannin ƙungiyarmu ta 'yan gida mazauna Doha, waɗanda ba a ɗaukar hoto ba su, suka ce za su kafa kwamiti.

Garzali ya kira Suraj ya ce, “Ƙanena, share hawayenka. Wasiƙa ba ta aiki a garuruwan nan. Maƙabarta a hannun sindako take, magajin gari ke nan, shi kuma a hannun tsofaffin garin yake. Wa marigayi yake yi wa aiki?”

Ashe wata tsohuwa ce, Konchetta, wadda Haliru ya yi shekara bakwai yana kakkaɓe wa zaitun, kuma goggon magajin garin ce. Garzali ya kira ta. Bai fara da gawa ba. Ya tambayi man bana, ya tambayi gwiwarta, ya bar ta ta zagi mutanen garin da ke maƙwabtaka da su son ranta, don a can ba ka zama ɗan gida sai ka yarda man garinsu ya fi na kowa. Sannan ya ce, “Uwa, za a sa ɗanki a bango, mu kuwa ƙasa ce shimfiɗarmu ta ƙarshe.” A kwana na uku magajin gari Donato ya sa hannu. Aka haƙa rami a kusurwar maƙabarta, Garzali na kan waya daga Doha yana nuna wa mai haƙa alƙibla, leburori uku suka yi wa Haliru salla.

Muka ce alhamdulillahi, muka wuce harkokinmu. Kai ne ba ka wuce ba, Garzali. Kai ka san kabarin ƙasa a can aro ne, bayan shekara goma a tone, a kwashe ƙasusuwa a haɗa da na kowa, sai in majalisar gari ta ba da takarda ta musamman. Ba ka yaudari Suraj ba, ka faɗa masa, maganar ta kai kunnen mahaifiyarsu Inna Asabe, tun daga nan ba ta gama waya sai ta tambayi takardar. Shekara biyu kana kiran Donato yana ce maka gobe.

Sai gasar kofin duniya ta zo. Italiya ba ta samu gurbi ba, amma 'yan siyasarta sun samu. Tawagar magadan gari daga yankin ta sauka Doha da man zaitun da cuku, tallar garuruwansu suka zo yi, har da Donato da ɗamararsa ta sarauta mai launi uku. Kamfani ya ba su Garzali don shi kaɗai ke jin harshen, ni kuma aka haɗa ni da su a matsayin ɗan sa-kai. A gabana Donato ya tsaya a wani otal yana gaya wa 'yan kasuwa Larabawa cewa garinsa aminin Musulmi ne, har makwanci ya ba su. Aka tafa. Ni ma na tafa, kuma har yau ina jin kunyar tafin nan.

A hanyar kasuwar Souq Waqif Garzali ya gangara gefen titi ya tsayar da mota, ya ciro wayarsa. Na raɗa masa, “Malam, ka rufa wa kanka asiri, kafil, ubangidanka na kamfani, ba zai ji wannan ba.”

Ya ce, “Khalas, ya isa haka, Malam Tanko. Aiki ana samun wani, kabari kuwa ɗaya ne.”

Ya kira Konchetta, ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji, ya gaya mata abin da ɗan ɗan'uwanta ya faɗa a otal da abin da bai yi ba. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma faɗan goggo ko'ina iri ɗaya ne. Donato ya yi jawur, magadan sauran garuruwa suna danne dariya, ya kuma san kafin ya sauka daga jirgi labarin ya zaga duk yankin. Nan ya yi alkawari a gabansu.

Bayan wata biyu takardu biyu suka iso. Ɗaya daga majalisar Montesarro, an bar wa Haliru wurinsa shekara casa'in da tara. Ɗaya zuwa kamfani, wai direba ya ci mutuncin baƙo. Wanda ya yi ƙarya a bainar jama'a ya koma gida da sunan kirki, wanda ya tsare masa hanya da gaskiya aka nuna masa ƙofa. Ƙungiyarmu kuwa ko uffan ba ta ce ba.

Garzali, ɗan halak, mai cika aiki, na gode, kuma ka yafe mana. Ku da kuke karantawa, in wani namu ya faɗi a baƙuwar ƙasa, ku tashi ku nemo wanda ya san ƙofar da ake bugawa, ku tsaya tare da shi har ranar da abin zai juyo kansa, kada ku yi irin namu.

Jiya Suraj ya kawo masa saƙon Inna Asabe, ya ce in sa a rubutuna. Cewa ta yi, “Ka gaya wa direban nan Allah ya yi masa albarka. Sai yanzu na yarda Haliru ya kwanta.”