Lemon da Aka Daka a Turmi

Akwai wata Asabar ta cikin watan azumi a Fatakwal da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da kuwa na manta sunayen jikokina. Har yau in na ga an matse lemon tsami a kan ƙanƙara sai ranar nan ta dawo min sabuwa.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Mu mutanen kudancin Zariya ne, Kiristoci, aikin akawu a tashar jiragen ruwa ya kai maigidana can. Da muka sauka ba mu san kowa ba. Wata tsohuwa Bakanuwa mai sayar da goro a bayan kasuwar Diobu ce ta ba mu ɗaki a gidanta. Inna kowa yake ce mata. Ita ta karɓi haihuwar ɗana na fari, ita ta dafa min ruwan wankan jego, ita take yi min faɗa in na sa wa miya gishiri da yawa. Ko da muka tashi muka koma ɗaya gefen kasuwar, ba ta yar da mu ba. Azumi yana kamawa, kullum da la'asar jikarta za ta kawo mana ƙosai a wani kwano mai murfi, alhali ta san ba ma azumi. Mu kuma ba ma mayar da kwano wayam. Ko ayaba ce, ko gyaɗa, ko ɗan sukari, sai an sa wani abu a ciki.

Abu ɗaya Inna take tinƙaho da shi. Ta tsufa a garin da bammi yake a bakin kowane lungu, amma ko ɗigon giya bai taɓa harshenta ba. Takan ce min, "Matar akawu, ba ni da karatu, ba ni da dukiya. Bakin nan nawa kaɗai zan kai wa Ubangijina da tsarkinsa."

Maigidana mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, sai dai akwai shi da son a ce ya waye. Wani matuƙin jirgi ya ba shi kwalbar wata giya fara tas, wai ita takila, daga wata ƙasa mai nisa. Ya kuma kwatanta masa yadda ake shan ta a can: a zuba ta a injin lantarki tare da ƙanƙara da lemon tsami da sukari, a markaɗe har ya yi kauri, sannan a shafa wa bakin kofi gishiri. Shi ke nan mutumin naku ya kasa zaune ya kasa tsaye, ya gayyato abokan aikinsa ranar Asabar da yamma.

Na ce masa, "Gishiri a bakin kofi? Miya za ku sha? Kuma ina injin, ina lantarkin?"

Ya ce, "Ai akwai turmi."

Wato ni ce injin.

Ga kuma babbar matsala. Mahaifiyarsa ta zo mana daga gida, ita kuwa Mama tana cikin waɗanda suka fara bin mishan a ƙauyensu. Ko gidan burkutu ta hango sai ta sake hanya. Saboda haka kwalbar nan a ƙarƙashin gado ta kwana, cikin tsohon takalmin ruwa.

Ranar Asabar da rana maigida ya dawo da ƙaton dunƙulen ƙanƙara a bayan keke, an naɗe shi da buhu da garin katako, yana ta ɗiga. Na wanke turmi da toka da ruwan zafi don ƙaurin barkono da daddawa ya fita. Na goya yaro na kama taɓarya. Wanda bai taɓa dakan ƙanƙara ba bai san wahala ba. Ka buga nan ta yi tsalle can, ta faɗa ƙasa ta kwashi yashi. Sai da na rufa mata tsumma sannan ta daku. Zufa tana zuba, ƙanƙara tana narkewa, shi kuma yana tsaye a kaina yana cewa in yi sauri, in yi a hankali, kada ta yi ruwa, kada ta yi tsakuwa. Saura kaɗan in miƙa masa taɓaryar in shige ɗaki.

Mama tana zaune a inuwa tana matse mana lemon tsami, ta ce, "Wai me ake haɗawa ne haka da har ake dakan ƙanƙara?"

Ya ce, "Lemo ne, Mama. Lemon Turawa."

Kun dai san yadda kalmar nan take a bakinmu. Na zaƙi lemo, na tsami lemo, na kwalba ma lemo. Mutum zai iya cewa lemo ya rantse bai yi ƙarya ba. Na ji shi sarai, na ce a raina tsakanin ɗa da uwarsa ne, na ci gaba da daka. Mama tana zagayawa bayan gida ya ɗauko kwalbar ya tuttule ta duka a ciki. Muka juye a tukunyar ƙasa, muka rufe da jiƙaƙƙen buhu. Ya ɗanɗana ya lumshe ido. Gaskiya sanyi da tsami sun danne warin, sai wanda ya sani.

Sai ya ce gishirinmu ya jiƙe, ba zai kama bakin kofi ba, in je in sayo mai laushi. Shi kuma ya hau keke zai tarbo baƙinsa a bakin titi. Na fita ina mita.

Da na dawo, babu Mama. Ƙosan Inna yana cikin farantinmu, amma babu kwanonta. Na ɗaga buhun tukunya na ga abin ya ragu sosai. Maƙwabciyarmu, wata Inyamura da ta koyi Hausa a bakinmu, tana wanki ta ce, "Mama ya tafi gidan Inna. Ya kai lemo da kansa. Ya ce zafi yawa, mai azumi zai sha sanyi."

Na ɗaga kai na dubi rana, ta yi ja ta kusa faɗuwa. Ban san lokacin da na yar da ƙullin gishirin ba.

Hanya mafi kusa ta cikin kasuwa ce, kuma lokacin ake tashi. Motocin kaya sun toshe bakin tasha, masu ɗaukar kaya suna ta kai da kawo, ga ruwan kifi ya jiƙe ko'ina. Na kutsa ina ture mutane, yaro yana tsala kuka a bayana. Igiyar takalmina ta tsinke, na bar shi a nan, na cire ɗayan ma. Wani ɗan kamasho ya tambaye ni da Turancin buroka ko gobara ce ta tashi. Mahautan unguwarmu sun jera butocinsu suna jiran shan ruwa, ɗayansu ya ce, "Matar akawu, lafiya?" Ko waiwaye ban yi ba. Abin da nake ta maimaitawa a raina shi ne, ya Ubangiji ka sa Mama ta tsaya gaisuwa a hanya, ka sa Inna ta fara da dabino, ka sa ladan ya makara. Ina kaiwa bakin lungunsu na ji ya ɗaga murya.

Na faɗa gidan ko sallama babu. Ga su nan a kan tabarma, tsofaffi biyu, kwano a tsakiya, kowacce da ludayinta a hannu. Ashe Mama ma jira ta yi har a kira salla don su sha tare.

Inna ta dube ni tana murmushi, leɓenta a jiƙe. Ta ce, "Matar akawu, wa ya biyo ki? Zo ki zauna. Allah ya yi miki albarka. Tun da nake ban taɓa shan ruwa da abin da ya ratsa ni haka ba. Akwai ɗan ɗaci daga ƙarshe, amma ya yi."

Mama ta ce, "Na faɗa mata na Turawa ne."

Ƙafata tana dab da kwanon. Tunanin da ya fara zo min shi ne in yi kamar na yi tuntuɓe in ture shi, in yi ta ba da haƙuri. Babu wanda zai sani. Inna za ta ci gaba da ganin bakinta da tsarkinsa, Mama ba za ta gane ɗanta ba, kwano kuma zai zo gobe kamar kullum. Na dubi kwanon, na dubi Inna. Ta mayar da ludayi ciki tana kiran jikarta ta kawo kofi ita ma ta ɗanɗana. Sai na durƙusa na riƙe hannunta.

Na ce, "Inna, kada ki ƙara. Akwai giya a ciki."

Ba ta yi salati ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta ajiye ludayin a hankali, ta ɗauki buta ta zaga bayan ɗaki. Muna jin ta tana kurkure baki tana zubarwa, tana sakewa, sannan muka ji ta sa yatsa a maƙogwaro. Tsohuwar da ta wuni ba ta sa komai a cikinta ba. Hawaye ya zubo min, na rasa inda zan sa kaina don kunya.

Da ta fito Mama ta zube a gabanta ta ce, "Yaya, da hannuna na kawo miki."

Inna ta ce, "Ku je gida. Zan yi salla."

Mun tarar da baƙi sun cika tsakar gida, kowa da kofinsa, maigida yana ta neman gishiri. Mama ba ta gai da kowa ba. Ta ɗauki tukunyar ta juye a magudanar ruwa, ta juyo ta dubi ɗanta.

"Mene ne sunan abin nan?"

Ya waiwaya ya dubi baƙinsa.

"Faɗi sunansa in ji."

Ya sunkuyar da kai a gaban abokansa ya ce, "Giya ce, Mama." Baƙi suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya.

Washegari da la'asar kwano bai zo ba. Jibi ma haka. Ni kuwa ban ƙara samun sukuni ba. La'asar tana yi zan fara leƙa ƙofa, in share wurin da na riga na share, in ji motsi in fito in ga akuya ce. Maigida ya je ba da haƙuri, ɗan Inna ya tarbe shi a zaure da mutunci ya ce tana hutawa. Ni ƙafata ta ƙi kai ni. Wani lokaci in ce da na ture kwanon da yanzu muna zaune lafiya, wani lokaci in ce a'a. Ba ƙosai nake kewa ba. Uwar da nake da ita a garin nan ce nake ganin na rasa. Haka azumi ya ƙare.

Ranar Salla da hantsi ina tsakar gida sai na ji sallama. Inna ce da kanta, cikin sabon zane, da kwanon nan a hannu. Na shimfiɗa mata tabarma. Muka gaisa, ta tambayi gajiya, ta tambayi yaro, ta tambayi mutanen gida, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Sannan ta ce:

"Na tambayi malam. Ya ce abin da mutum ya sha bai sani ba babu laifi a kansa. Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba, matar akawu. Abin da ya dame ni shi ne ya yi min daɗi. Da kin yi shiru, da washegari na aiko a ƙaro min, in ƙarasa azumina a kansa ina sa muku albarka."

Na duƙar da kai.

Ta ce, "Na ga idonki a kan kwanon. Kin so ki ture shi da ƙafa, ko ba haka ba?"

Na ce, "Haka ne, Inna."

Ta ce, "To don ba ki ture ba na zo." Ta turo min kwanon, cike da tuwon Salla. "Ungo. Kuma kada ki mayar min da shi wayam. In akwai sauran lemon tsami a ɗauko turmi, amma a gabana za a yi."

Mama ce ta aiki ɗanta sayen ƙanƙara, kuma da ya dawo ita ta miƙa masa taɓarya. Akawu guda ya naɗe hannun riga ya yi ta daka, ƙanƙara tana tsalle tana bugun ƙaurinsa, tsofaffin nan biyu suna zaune suna cewa ya yi sauri, ya yi a hankali. Duk abin da zai zuba sai Inna ta ce ya faɗi sunansa tukuna. Ya ce lemon tsami. Ya ce sukari. Ya ce ruwa. Sannan ta yi bisimilla ta sha.

Abin da ranar nan ta koya min shi ne, sunan da aka laƙaba wa abu don a rufe bakin mutum ɗaya ba ya tsayawa a cikin gida, kwano zai fitar da shi, kuma wanda ya yarda da kai ne zai sha. Su ukun duk sun riga mu gidan gaskiya. Jikokina suna yi min dariya don ko kunu zan miƙa wa baƙo sai na lissafa masa abin da ke ciki. Su yi ta dariyarsu, ba su ji ƙarar butar Inna a bayan ɗaki ba.