Gwiwar Kabtin Denis

Wautar da na yi ƙarama ce, kuma daga bakina ta fito. Wata Juma'a ce a ƙarshen 2012, ina ɗan shekara goma sha biyu, na bi Kawu Sadisu ɗakinsu na ɗalibai a unguwar Darrasa, a babban birnin Masar. Bayan an sauko masallaci sun kewaye tiren wake da burodi suna musun ƙwallo, ba mai ko kallona. Sai na ce ai kocinmu a unguwar Zamalek tsohon tauraron Ingila ne, ya taɓa harba ƙwallo ta yaga raga, ta wuce waje ta kashe tattabara. Nan take aka matsa mini wuri, aka juyo mini da gefen tiren da ya fi mai.

Gaskiyar ita ce Kabtin Denis, kamar yadda Misrawa ke kiransa, mai tsaron baya ne da ya yi wa ƙungiyoyi wasa fiye da yatsuna, amma ba ko ɗaya da za ka gani a talabijin. Shekara ɗaya nan, rabin shekara can, a ba da aronsa, a dawo da shi, a sallame shi. Ya ba mu labarin garin da yake gyaran rufin gidaje da safe ya yi atisaye da yamma, da wani filin da a cewarsa 'yan kallon ba su kai tumakin da ke bayan katanga yawa ba. Yakan ce, "Duk inda aka ce akwai gurbi a baya, jakata kawai nake ɗauka." Haka jakar ta kawo shi Masar, kafin ya zauna aka dakatar da gasar ƙasar, ƙaramar ƙungiyar da ta ɗauke shi ta sake shi. Sai ya koma koya mana ƙwallo, mu 'ya'yan ma'aikatan ofisoshin jakadanci, yana ɗaure gwiwarsa ta hagu da ƙanƙara bayan kowane atisaye. Kakar wasa ɗaya kawai yake nema kafin ya rataye takalmi. Kuma wata ƙungiya a Iskandariyya ta kira shi gwaji, saura mako ɗaya. Da bakinsa ya faɗa mana, yana dariya kamar yaro.

Ɗaliban Darrasa suka ce in ba ƙarya nake ba in kawo shi wasansu na Juma'a, wanda ake yi tsakanin 'yan Kano da sauran duniya. Na manne wa Kabtin kamar kaska. Na ce masa filin ciyawa ne mai laushi, ɗaliban kuma malamai ne masu natsuwa, sai sun yi sallama suke karɓe ƙwallo. Ya ce to, zai ɗan taɓa, amma ba zai yi gudu ba.

Ashe filin siminti ne a bayan masaukin ɗaliban, duwatsu ne ragar. Ranar har ɗaliban Nijar da Sudan sun cika bakin katanga, kowa na so ya buga waya gida ya ce ya kwashe tauraron Ingila. Kabtin ya dubi simintin, ya dube ni, sai ya sunkuya ya ɗaure takalmi. Wasansa kuwa ba ado: ya karɓa, ya bayar, ya matsa. Jama'a suka fara gundura. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Kai ɗan Kawu, ina tattabarar?" Aka fashe da dariya, kunnuwana suka yi zafi. Na yi ta ihu ina tsalle, "Yalla ya Kabtin, nuna musu! Don Allah sau ɗaya!"

Ya ji ni. Ya yanke mutum ɗaya, ya yanke na biyu, wurin ya kaure da sowa. Na ukun wani dogon Bazamfare ne, ya zo da ƙafa biyu a kan simintin. Har yau ina jin ƙarar gwiwar nan. Dogon ya durƙusa yana ba da haƙuri da Larabci, "ma'alish, ma'alish", kamar zai yi kuka.

Baba, wanda direba ne a ofishin jakadanci, shi ya zo daga unguwar Mohandessin ya kai Kabtin asibiti, ni ina baya rungume da takalminsa ɗaya. A hanya na soma ba shi haƙuri, Kabtin ya tare ni ya ce, "Da idona na ga simintin, yaro." Baba bai dake ni ba, bai ma yi mini faɗa ba. Da ya dake ni da na fi samun sauƙi.

Yanzu muna Kaduna, kuma bakina bai mutu ba. Abokaina sun yarda na taɓa yin iyo a kogi daga Zamalek zuwa Sudan. A da kowane labari na ɗauka wasa ne da ke ƙarewa in an gama dariya. Wannan kaɗai nake faɗa yadda yake.

Kabtin Denis bai je Iskandariyya ba. An yi masa aiki a Ingila, kuma labarin ƙarshe da mai gadin filinmu ya ba Baba shi ne yana tuƙa motar raba kaya a garinsu. Bai sake buga wa kowa ƙwallo ba.