Girman da Ya So Kayar da Ni

Na haura shekara arba'in lokacin da na sake rataya jakar makaranta. Ba sha'awa ce ta kai ni ba. Na daɗe ina koyar da 'yan aji ɗaya a wata firamare a Gwale, kwatsam aka ce duk malamin da ba shi da cikakkiyar takardar malanta, ko ya koma karatu ko ya ajiye alli. Ni kuwa ajin nan shi ne rayuwata. Sai na karɓi hutun karatu na shiga kwaleji, kullum da safe in tari adaidaita sahu mu fita ta Ƙofar Kabuga.

Sauran darussa ba su ba ni wahala ba. Guda ɗaya ne ya tsaya mini a wuya, wato kwas ɗin kwamfuta, wanda aka wajabta wa kowa a zangon ƙarshe. Wanda ya faɗi sai ya jira baɗi, ni kuma hutuna ba zai kai baɗi ba. Hedimastanmu ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: in na dawo babu takarda, ajina ya zama na wani.

Ɓangaren bayani na haddace shi tsaf kamar karatun allo. Tambaye ni abubuwan da ake shigar da bayani da su, da waɗanda ke fitar da shi, da ƙwaƙwalwar da ke mantuwa in an ɗauke wuta, da wadda ba ta mantuwa, duk zan zayyano maka ba gargada. Matsalar tana ɗakin kwamfuta, inda ake tuɓe takalmi a bakin ƙofa, a zauna mutum uku uku a gaban kowace na'ura saboda ba su isa ba.

Ranar farko ina shiga sai wata doguwar budurwa ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni.

"Malama, ba ki gane ni ba ko?"

Na dube ta da kyau. Wushiryarta ce ta tona ta. Tsohuwar ɗalibata ce, wadda ta yi mini kuka a aji ɗaya har sai da na riƙa zaunar da ita kusa da teburina. Ta karɓi jakata, ta goge mini kujera da gefen hijabinta, ta ce lallai rukuninsu zan zauna, ita da wata ƙawarta. Na ji daɗi ƙwarai, na ce ashe wahalar da muke sha ba ta tafi a banza ba.

Daga nan aka shiga girmama ni. Malaminmu saurayi ne, bai wuce sa'ar ɗan farina ba. Zai ce a buɗe Word a rubuta sakin layi, kafin in miƙa hannu ɗalibata ta ce, "Malama, kawo in yi miki." Zai ce a ƙara wa kanun rubutu kauri, ƙawarta ta ce, "Mama, ki huta kawai, ai mun gama." Rukuninmu aka ba wa aikin gida, su suka yi, suka rubuta sunana a sama da nasu. Shi kansa malamin in yana zagayawa yana tsare ɗalibai da tambaya, da ya zo kaina sai ya rusuna ya ce, "Sannu Mama, ya ƙoƙari?" ya wuce. Ina zaune a tsakiya, kujera mafi kyau, kamar uwar biki. Ina kallo, ina gyaɗa kai, ina ganin komai mai sauƙi ne. To amma gani ba ci ba.

Da zango ya raba, malam ya ce zai yi gwaji. Kowa zai fito gaban aji ya yi abin da aka ce a kwamfutar da ke haska bango. Ya bi layi yana kira ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina sai ya tsallake.

Raina ya ɓaci nan take. Mu a gidanmu Fulani ne, an hore mu da kunya da kawaici, amma ni Allah bai ba ni rabo mai yawa ba a nan. Na ɗaga hannu kamar yadda nake koya wa yara.

"Malam, ka tsallake ni."

"A'a Mama, ai ke ba komai, na san kina bi."

"Ranar jarrabawa ma za a tsallake ni?"

Ya sosa ƙeya ya ce a'a, ranar kowa da kwamfutarsa.

"To ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni ma ɗaliba ce, kira ni."

Na fita da ƙarfin gwiwata. Ya ce in buɗe sabon shafi in rubuta sunan kwas. Na kama mawus, ɗan abin nan da ake turawa kibiya ta motsa a sikirin. Na tura, kibiya ta gudu can ƙurya. Na jawo, ta ɓace. Da na kai bakin tebur sai na ɗaga shi sama ina juyawa a iska, ina mamakin abin da ya hana shi aiki. Da ƙyar na kamo kibiyar, na danna, na sake dannawa, abubuwa suka yi ta buɗewa a bango, babu wanda na nema a cikinsu.

Ajin ya yi tsit. Da wani yaro ne ya yi haka, da har waje za a ji dariya. Ni kuwa kowa ya sunkuyar da kai. Wallahi shirun nan ya fi mini dariya ciwo, don a cikinsa na gane duk sun san ban iya ba, sun kuma yanke shawarar su rufa mini asiri har in faɗi.

Na juyo na ce, "Ku yi dariyarku mana! Tsohuwa na kaɗa abu a iska kamar mai korar ƙuda, ba abin dariya ba ne?"

Wani daga baya ya fashe, sauran suka biyo shi. Har malam sai da ya juya baya yana ƙyaƙyatawa. Ni ma na yi.

Da aka tashi na tsare ɗalibata a bakin ƙofa muna neman takalmanmu. Na ce daga yau ni ke riƙe da mawus, ita kuma ta rungume hannuwanta. In na yi kuskure ta ce na yi kuskure.

Idonta ya kawo ruwa. "Malama, ta yaya zan ce miki kin yi kuskure?"

"Da bakinki. In kina ƙaunata, ki daina yi mini aiki."

Abin ya yi mata wuya fiye da yadda ya yi mini. Da farko sai ta ce, "Malama, kamar dai da an danna wancan zai fi." In ce mata ban ji ba. Sai da na gajiyar da ita. Wata rana na rubuta shafi guda da yatsa ɗaya, ina farautar haruffa, aka ɗauke wuta ban yi sebin ba, wato ban adana shi a na'urar ba, komai ya tafi. Ba ta san lokacin da ta ce, "Haba Malama! Sau nawa zan faɗa miki?" ba. Ta toshe baki. Ni kuwa na ce madalla, yanzu aka fara karatu.

Na koyi danna mawus sau biyu a jere ba tare da hannuna ya goce ba. Na koyi jera rubutu, da saka lambar shafi, da zana tebur. A Excel na fi jin daɗi, don ni da lissafin makin yara mun saba. Da na ga na ja layi ɗaya ya tara mini duka, sai da na yi salati. Ana cewa gemu ba ya hana ilimi. Ni ba ni da gemu, amma furfurata ma ba ta hana ba.

Ranar jarrabawa aka shigar da mu rukuni rukuni, kowa shi kaɗai. Na gama rubutu, na yi sebin, na yi lissafi, na sake yin sebin. Saura tebur. Ina cikin yi na danna wani abu, layukan suka hargitse, rabin tebur ya tsallaka shafi na biyu. Lokaci ya kusa cika.

Sai na ji mutum a bayana. Malam ne. Ya waiga hagu da dama, ya sunkuyo kamar mai duba wayar wuta a bayan na'ura, ya ce a hankali, "Mama, ɗan matsa." Hannunsa har ya kai kan mawus.

Na san da zuciya ɗaya ya yi. Na kuma san ajina nake sawa a caca. Amma na ɗora hannuna a kan abina na ce, "Malam, Allah ya yi maka albarka. Ɗauke hannunka."

Ya ɗauke hannunsa. Na tuna maɓallin komawa baya, na yi ta dannawa har teburin ya dawo hayyacinsa. Ban kai ga gyara layin ƙarshe ba aka ce a tashi.

Da sakamako ya fito, C na samu. Ɗalibata ta samu A, amma ta zo mini fuska a jiƙe, wai ita ce ba ta koya mini da kyau ba. Na ce ta share hawayenta ta raka ni bakin titi, sauri nake. Ranar ban biya gida ba. Kai tsaye makarantarmu na wuce, na tarar ba a tashi ba, na leƙa ta tagar ajina. Yaran suna ganina suka miƙe gaba ɗaya suna ihun "Malama ta dawo!" Na ce musu ƙwarai kuwa na dawo, kowa ya koma wurinsa.